Mai Igiyar Baya

Na san abin da aka gaya muku game da shekarar da kakanku ya rasu, domin ba a ɓoye ake faɗa ba. An faɗa a bakin masallacin unguwarmu ta Hashimi, an faɗa a mayanka, har a gidan biki mata sun yi ta yi uwarku tana zaune tana ji. Wai Garba, ni ke nan, ya ji ubansa na gargara ya zaɓi jan fankar Turawa. Wai da ya dawo aka ce ya ba da haƙuri ya ƙi, don ya sha ruwan teku kansa ya kumbura. Rabin maganar gaskiya ce: ban zo ba, kuma da aka ce in durƙusa ban durƙusa ba. Ɗaya rabin ne ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba, don a lokacin kun yi ƙanƙanta da ɗaukarta, ni kuma zuciyata a kusa take. Yanzu gwiwoyi sun raba ni da jirgi, aikina zama a ƙofar gida ina korar awakin maƙwabta, to ga ta nan zan zazzage muku ita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kakanku mahauci ne ɗan mahauci, kuma ba irin mai zama a rumfa yana kaɗa ƙuda ba. In ya sayo sa a kasuwar Lambata mota ta sauke shi a bakin gari, da ƙafa ake kai shi mayanka da igiya biyu, ɗaya a ƙaho ɗaya a ƙafar baya. Idon kowa na kan mai igiyar gaba, shi ake yi wa kirari, shi 'yan mata ke leƙe ta katanga. Amma duk ɗan fawa ya san ran na gaba a hannun na baya yake, don in san ya zabura zai soke shi, na baya ne zai fizge ƙafar ya tsayar da shi. Baba igiyar baya ya fi so, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Ina saurayi na ga ranar da mazagin wandonsa ya tsinke a tsakiyar kasuwa yana riƙe da wani baƙin bijimi mai faɗa. Wando ya zame har ƙasan gwiwa, masu tumatir suna ta shewa, shi kuwa ya ci gaba da jan ƙafa daga shi sai taguwa, bai sa ko hannu ɗaya ya gyara ba sai da aka kayar da san. Da muka koma gida, ni da wana Yaya Sale muna ta ƙunshe dariya, ya dube mu ya ce:

"Kunya ana wanke ta. Hanjin mutum in ya zubo ba a mayarwa. Mai igiyar baya ba ya saki."

Ni ban gaji wuƙa ba. Tun ina ƙarami ƙarar inji ta fi ja na, na koyi kanikanci a garejin tankokin mai da ke kan hanyar Kaduna, har wani Oga Friday, mutumin Warri da ke haya a gidanmu, ya ga hannuna ya ce in bi shi, akwai aiki a jiragen ruwa. Yaya Sale ya riƙe rumfa, ni na tafi. Da goge mai a ɗakin inji na fara, na yi ta jarrabawa ina hawa a hankali, na yi shekaru muna jan kayan haƙar mai a tekun kudu. Sai da furfura ta fara fito mini kamfani ya tura ni wata ƙasa mai sanyi a arewacin Turai. Mutanen garinmu Suleja ba su taɓa yarda cewa aikin kirki nake yi ba. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne Gurara, ka ce masa fanka kake ja a teku, ai dole ya yi maka dariya. Suka sa mini Garba Mai Jan Fanka, na kuwa amsa, tunda ba ƙarya suka yi ba.

Ga yadda abin yake, don ku ma na san ba ku taɓa ganewa sosai ba. Fanka ce irin wadda iska ke juyawa ta ba da wutar lantarki, sai dai ba na jin kun ga bene mai tsayinta a Abuja, fiffikenta ɗaya ya kusa tsawon filin ƙwallo. Inda ake son kafa ta ruwan ya yi zurfin da ba a iya kafa ginshiƙi, don haka tun a bakin gaɓa ake ɗora ta a kan wani dandamalin ƙarfe mai yawo a kan ruwa, a ja ta a tsaye har tsakiyar teku, a ɗaure ta da sarƙoƙi da anga. Ba ta da inji, ba ta da birki, ba ta da sitiyari. Babban jirgi ne ke janta ta gaba da igiyar ƙarfe mai kaurin hannuna, tafiyar kuwa mai keke ma sai ya wuce mu. Wani jirgin, ƙarami, yana riƙe da ita ta baya, domin in iska ta bugi wannan doguwar aba daga baya sai ta fi mai janta sauri, ta hau kansa ko ta karkace ta nufi dutse. A wannan ƙaramin jirgin nake. Mu biyu ne masu inji, ni da shugabana, wani dattijo ɗan Filifin mai hawan jini da muke kira Cif. Karɓa-karɓa muke yi, ɗaya na barci ɗaya na tsaye a kan inji da winci, wato na'urar da ke naɗe igiya tana sake ta.

Ba kullum ake fita da irin wannan kaya ba. Sai an jira masu duban yanayi sun ce teku za ta lafa na 'yan kwanaki, in kuma an fita babu komawa, don babu inda za a raɓa da ita a hanya. Mun fita nan gida ana tsakiyar damina, can kuwa lokacin da rana ba ta faɗuwa sosai, sai ta sunkuya ta sake tashi, har salla ma da agogo nake binta. Muna cikin wani dogon mashigi tsakanin duwatsu, ba mu kai buɗaɗɗen teku ba, uwarku ta kira ta ce jikin Baba ya tsananta, likita ya ce a mai da shi gida a yi ta addu'a. Yaya Sale ya karɓi wayar. Ko gaisawa ba mu yi ba. Ya ce in ina son ganin ubana da rai in taso yau, shi ya gaji da amsa wa mutane ina ƙaninka.

Kyaftin ɗinmu mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana, kuma kada wanda ya ɗora mata laifi, don ba ta riƙe ni ba. Ta ce akwai ƙaramin jirgin da zai iya zuwa ya ɗauke ni kafin mu fita mashigin, washegari in kwana a Abuja. Wanda zai maye gurbina ba zai iso ba sai mun wuce wurin da ya fi hatsari, amma Cif ya ce zai tsaya shi kaɗai. Na sauka na tarar da shi yana haɗiyar ƙwayarsa ta hawan jini. Ya dafa kafaɗata ya ce in tafi, uba ɗaya ne. Birkin wincin tun fitowarmu yake ɗaukar zafi, yana son mai sa ido a kansa. A jirgin gaba akwai mutanen da muka ci abinci tare, ɗayansu matarsa ta haihu a makon da muka taso. Zuciyata ta rabu biyu, kuma wallahi rabin da ke son gida ya fi nauyi. Sai na sake kira na ce a ba Baba. Yaya Sale ya sa wayar a sifika ya riƙe masa, don hannunsa ya daina ɗauka. Na gaya masa komai, har da cewa an ba ni hanya in taho.

"Garba," ya ce, muryar can ƙasa, "abin nan da kuke ja, yana da faɗa?"

"In iska ta taso yana da shi, Baba."

"Kai a ina kake, gaba ko baya?"

"Baya."

"Akwai mutane a gaban?"

"Akwai."

Ina jin numfashinsa, ina jin kukan akuya a tsakar gidanmu.

"To me kake tambayata? In ka saki kada ka zo mini nan. In ka kai, ka zo ka same ni, ko a ɗaki ko a maƙabarta, duk gida ne. Allah ya yi maka albarka."

Na koma na gaya wa kyaftin kada a turo jirgi. Ta dube ni ta gyaɗa kai, ba ta tambayi dalili ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce an yi wata guguwa da na ceci duniya a cikinta ba, masu labarin teku sun cika ƙarin gishiri. Iska ta taso daga baya a bakin mashigin kamar yadda aka yi tsammani, fankar ta fara matsa wa jirgin gaba, muka ja baya da duk ƙarfin injinmu. Igiya ta miƙe tana kuka, birki na hayaƙi ina kwara masa ruwa, Cif na kan inji, haka muka wuni. Da mutum ɗaya ne wataƙila da ya iya, wataƙila da bai iya ba. Allah ne masani, ni dai ban bari an gwada da ran mutane ba. Da muka fita buɗaɗɗen teku na hau sama da hantsi in sha iska, sai ga saƙon uwarku, Baba ya rasu har an kai shi. Na zauna a kan wani naɗin igiya na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da na gama na wanke fuska na yi masa addu'a, na sauka na karɓi Cif, don lokacin barcinsa ya yi.

Sai da muka ɗaure fankar a wurinta na taho, na iso ana gab da sadakar arba'in. Daga tasha maƙabarta na fara wucewa, tunda can ya ce in same shi. A gida kuwa na tarar an riga an yanke mini hukunci. Mama Ngozi, mai shagon kayan masarufi da ta tsufa tana haya a gidanmu, ita kaɗai ta riƙe hannuna a zaure tana hawaye, ta ce tana bakin ƙofa da kunun da ta kawo wa Baba ta ji ya sa mini albarka, amma wa zai tambayi 'yar haya? Ranar sadaka bayan an watse, Baffa Audu ƙanin Baba ya tara mu a zaure, dattawan mayanka na zaune. Magana mai laushi ya yi, ba zan zalunce shi ba. Ya ce zumunta a ƙafa take. Ya ce Sale ya yi jinya shi kaɗai, ya kwashe kashi da fitsari, ya sa uba a kabari babu ɗan'uwa a gefensa. A gidanmu in ƙarami ya saɓa, yakan cire hula ya durƙusa gaban babba a idon dattawa ya ce ya yi kuskure, babba ya mayar masa da hular a ka, magana ta mutu ke nan har abada. Baffa ya ce in yi hakan kawai, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

"Baffa," na ce, "in durƙusawar godiya ce kan jinya, yanzu zan yi wa Yaya, har goshina ya taɓa ƙasa. Amma in ce na yi kuskure, wannan ba zan faɗa ba. Wanda ya ce in tsaya yana kabari, in na ce kuskure ne shi na ƙaryata. Yaya ne ya riƙe wayar, a tambaye shi."

Kowa ya juya ya dubi Yaya Sale.

"Mutum yana gargara, me ya sani?" ya ce. "Magagin ciwo ne."

Wannan kalmar ce ta raba mu. Da zagina ya yi da na shanye, wana ne. Amma shi ma ɗan mahauci ne, tare muka ga wandon nan ya zame a kasuwa, ya fi kowa sanin da hankalinsa Baba ya yi magana. Na ce ba zan sayi zaman lafiya da mai da ubana mai magagi ba. Na tashi da hulata a kaina na fita, ina jin wani dattijo yana cewa teku ta cinye yaron nan.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku, sai dai ba ku san tushensa ba. Muka tashi daga babban gida muka kama haya can hanyar Sabon Wuse. Uwarku, surukar mahauta, ta koma sayen nama a hannun baƙo, yana auna mata yana murmushi. Da 'yar'uwarku Hadiza ta tashi aure, Yaya Sale ne ya kamata ya zama waliyyinta, na aika har sau biyu bai ba da amsa ba, sai wani tsohon abokina na gareji ne ya ba da ita, dangin miji suna ta raɗa. Hadiza, na ga kukan da kika yi ranar, na kuma san ba na rabuwa da gida ba ne kaɗai. Uwarku ta yi haƙuri har ya ƙare, wata rana tana tsince shinkafa ta ce da ni ba tare da ta ɗago ba:

"Baban Hadiza, hula ce fa kawai. Ka cire ta ka mayar, 'ya'yanka su shiga gidan kakansu."

Na ce mata in na cire ta a kan ƙarya, duk hular da zan sa bayan nan aro ce. Ta ce taurin kai dai gadonmu ne, ta ci gaba da tsintarta. Tana da gaskiya a nata ɓangaren, ita ta ɗauki nauyin da ban tambaye ta ko za ta iya ba, kuma ku riƙe mata wannan. Shi ma Yaya Sale kada ku tsane shi. Mutumin da ya yi watanni yana juya ubansa a kan tabarma, sannan ya ji da kunnensa albarkar ƙarshe ta tsallake teku ta tafi wurin wanda ba ya nan, dole abin ya ci shi. Na gane wannan tun a zauren. Ganewar dai ba ta sa na yarda ba, na koma aikina na ci gaba da jan fankata har gwiwa ta ce ya isa.

Babbar sallar da ta wuce, bayan an sauko daga idi, na bi ta layinmu na dā don in gai da Mama Ngozi da ba ta da lafiya. Na tarar an sauke wani jan sa a ƙofar babban gida, na layya, mutane sun yi da'ira. Yaya Sale da tsufansa ya ƙwace igiyar gaba ya riƙe da kansa, don taurin kan ba ni kaɗai na gada ba. Igiyar baya kuwa tana hannun samarin yanzu, suna riƙe da ita sako-sako suna dariya, wani ma hoto yake ɗauka. San ya sunkuyar da kai ya tono ƙasa. Yaya ya gani, ni ma na gani. Ya waiga yana neman wanda zai dogara da shi, idonsa ya faɗa kaina a cikin 'yan kallo. Shekaru ke nan ko sallama ba ta haɗa mu ba.

"Ku ba shi," ya ce da samarin. "Garba, riƙe. Kai ne ba ka saki."

Na tattare babbar rigata na naɗe igiyar a hannu. San ya zabura kan Yaya, na fizge, ya ja ni a ƙasa har rigar sallar ta yage, fatar tafina ta saluɓe, ban saki ba sai da aka kayar da shi aka ɗaure. Muka tsaya muna haki, tsofaffi biyu, ƙura har gira. Dattawan mayanka da suka rage suna wurin, Baffa Audu na zaune a kan kujera da sandarsa. Yaya Sale bai dube ni ba, wuƙa yake gogawa a dutse, amma ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Da hankalinsa Baba ya faɗa. Ni na riƙe wayar."

Sai na cire hulata na durƙusa a gabansa, a nan cikin ƙura, na ce na gode da jinyar ubanmu, Allah ya saka masa da Aljanna. Abin da na ce zan yi tun a zaure shi na yi, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, shi ma bai nema ba. Ya ɗauki hular ya kifa mini a ka a karkace. Gwiwoyin suka ƙi tashi, sai da ya ajiye wuƙa ya kama ni ya ɗaga, yana mita wai na yi nauyi, abincin Turawa ne.

In wani ya ce muku ai daga ƙarshe ubanku ya durƙusa, ku ce ƙwarai kuwa, sannan ku gaya masa a kan me.